Irin Cittar da Na Zaɓar wa Ɗan Baffana

Mahaifina mai bishara ne a wani ƙauye can bayan Zonkwa, kuma duk mutanen da ke cikin Littafi babu wanda ya shiga ransa kamar Ibrahim. A ba shi wa'azin ɗaurin aure, Ibrahim. A ba shi na jana'iza, Ibrahim. Ko akuyar wani ce ta ɓata aka zo neman addu'a, sai ya san yadda ya yi ya bi da mai akuyar ta ƙasar Kan'ana kafin ya ce amin. Matan zumunta sukan zolaye shi, wai ranar da ya shiga sama ko gaisuwa ba zai tsaya yi ba, gidan Ibrahim zai nema ya kama haya a ɗakin waje. Kowa ya yi dariya, har da shi. Ni ba na yi, don ni na san abin da wannan soyayya ta ci mana.

Mu uku Allah ya ba shi, duk mata, ni ce babba. Namiji ɗaya da ya tashi a gidanmu ɗan ƙanensa ne, wanda uban ya rasu ya bar shi ko tafiya bai fara ba. Baba ya ɗauko shi ya miƙa wa Mama, Mama ta miƙo mini. Ni na goya shi, ni na share masa majina, ni na sha duka ranar da ya taka garwashi. Ya tashi da fara'a da daɗin baki, irin mutumin da zai cinye rabonka ya bar ka kana yi masa sannu da aiki.

Gona biyu kakanmu ya bari. Ɗaya a kwari, bakin rafi, baƙar ƙasa mai laushi wadda ko sanda ka soka sai ta nemi yin ganye. Ɗaya kuma a tudu, gindin dutse, jar ƙasa da tsakuwa, inda fartanya ke kuka kafin ta shiga. Baba ne ke noma su duka har ɗan baffana ya yi aure, sannan dattawan dangi suka taru a gindin mangwaron gidanmu don a raba. A wajenmu abin ba ya buƙatar dogon zance. Babba ne ke fara ɗauka ko da naman Kirsimeti ake rabo, balle gona. Kowa ya zo da sanin Baba zai ɗauki kwari, yaro ya hau tudu ya gwada ƙarfinsa, a sha kunu a watse.

Sai Baba ya miƙe ya gyara murya, na kuwa san wannan muryar, ta wa'azi ce. Ya ba su labarin yadda Ibrahim ya riƙe Lutu ɗan ɗan'uwansa, dukiya ta yi musu yawa har makiyayansu suka fara faɗa, shi kuma Ibrahim, duk da shi ne babba, ya ce wa yaron ya duba ƙasar ya zaɓi inda yake so, shi zai ɗauki abin da ya rage. Da ya gama sai ya juya ya ce, "Ɗana, ka zaɓa."

Babu wanda ya tashi a ƙauyen nan da bai san amsar wannan magana ba. In babba ya sauke maka girmansa, mayar masa kake yi. Ka sunkuyar da kai ka ce a'a Baba, wane ni, a yaba maka, kowa ya tashi da mutuncinsa. Dattawan ma murmushi suke yi suna jiran su ji hakan. Ɗan baffana ko ƙeya bai sosa ba.

"To Baba, tun da kai ka faɗa," in ji shi, "ni zan ɗauki na rafi."

Ina tsaye da robar kunu a hannu. Mace ba ta magana a zaman gona, don haka robar ce ta yi magana a madadina. Na dire ta da ƙarfi har kunu ya fallatsa wa wani tsoho a wando. Aka kalli Baba ko zai gyara zancen, shi kuwa sai ya ce mu sunkuyar da kai a yi addu'ar godiya.

Da mutane suka watse na same shi yana ɗaure tayar kekensa.

"Baba, me ka yi mana?"

"Abin da Ibrahim ya yi."

"Ibrahim yana da raƙuma da bayi. Kai keke ɗaya gare ka, da 'ya'ya mata uku, da Mama mai ciwon baya."

"Allah yana da shirinsa, 'yata," in ji shi, ko ɗago kai bai yi ba. "Je ki karanta labarin har ƙarshe, ki ga ko Ibrahim ya kwana da yunwa."

Na je na karanta, na kuma ga abin da bai aike ni in gani ba. Kwarin da Lutu ya zaɓa, a nan Saduma take, kuma wuta ce ta sauko daga sama ta cinye wurin, mutumin ya fita daga shi sai kayan jikinsa. Na rufe Littafin raina fes. Daga ranar na zama mai dogara ga shirin Allah, dogara kuwa mai ƙarfi wadda ko Baba bai kamo ƙafata ba. Shi yana jiran albarkar Ibrahim, ni ina jiran wutar Lutu.

Na samu aikin koyarwa a wata firamare a Kafanchan, na yi aure a can, ƙannena ma kowacce ta tafi gidanta. Gonar tudu ta dawo wuyana, don gwiwoyin Baba sun fara ƙin hawan dutse. Duk Asabar da sassafe ina cikin motar Zonkwa, daga can in hau mashin. Citta muke nomawa kamar kowa a yankinmu, citta kuwa ba ta son ganda. Ka karya iri gutsi-gutsi kowanne da idonsa, ka binne, ka lulluɓe gonar duka da ɗanyen ganye don kada rana ta dafa shi, ka cire ciyawa a tsugune. A tudu komai sai an ninka. Na yi dakon kashin kaji buhu-buhu daga Kafanchan, direbobi suna toshe hanci suna yi mini tsiya. Na ɗauki ganye a ka har wuyana ya sankare. In na riƙe alli a gaban allo, 'yan ajina hannuna suke kallo, ba rubutun ba. Kuma ina sane da cewa ranar da Baba ya rufe ido tudun ma na ɗan baffana ne, tunda mace ba ta gadon gona. Gyara masa kawai nake yi.

Shi kuwa kwari ya karɓe shi hannu bibbiyu. Cittarsa manya-manya kamar tafin hannu. Ya yi rufin kwano, ya sayi mashin, ya sayi injin yankan citta, mutane suna layi a ƙofarsa lokacin kaka. Ba zan yi masa sharri ba, yakan kawo wa Baba shinkafa da nama in biki ya zo, amma ni a idona kowace ƙwaya daga gonarmu ta fito, sadaka yake yi mana da abinmu. Da Mama ta rasu, bayan ta gama karya bayanta a hanyar tudun nan, shi ya sayi akwatin gawa, shi ya yanka sa. Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa Baba ya yi sa'ar ɗa. Ina zaune a tabarma ina amsa musu, ina jin kamar in tashi in kifar da tukunyar naman.

In ya tarar da ni a hanya da kaya a ka sai ya taka birki, ya yi mini magana da Hausar ƙauyenmu wadda ba ta raba mace da namiji.

"Yaya, ka hau in sauke ka mana. Rana ya yi zafi."

"Ƙafata ba ta karye ba."

"Kai Yaya, kullum faɗa!" Sai ya yi dariya ya wuce.

Dariyar nan ta fi komai ƙona ni. Da yana ramawa da na samu inda zan kama. Amma mutumin nan bai ma san ana yaƙi da shi ba, ya ɗauka halina ne kawai, kamar yadda wani yake da ɗingishi.

Ranar godiyar kaka a majami'a shi zai taho da buhu a kafaɗa yana rawa, matarsa a baya da sabuwar atamfa, mu matan zumunta muna buga tulu muna rera masa waƙa. Bakina yana waƙa, cikina yana cewa Ubangiji, sai yaushe? In faɗi gaskiya, har azumi na yi a kan mutumin nan. Ban taɓa roƙon ya mutu ba, ban kai can ba. Roƙona in gan shi ya fito daga kwarin nan hannu wofi. Na fi shekara goma ina wannan ibada ba fashi.

Sai shekarar da ciwo ya shiga citta. Duk wanda ya noma citta a ƙasarmu ba sai an tuna masa ba. Damina ta yi nisa, gonaki sun yi kore shar, sai ganye ya fara yin rawaya daga gefe, kara ya yi laushi ya kwanta. In ka tona sai ka tarar da ruɓa mai wari, ka matsa ta fashe maka a hannu kamar dafaffen gwaza. An yi feshi, an zuba toka, an yi addu'ar kwana uku. Ruwa ciwon yake bi, don haka gonakin kwari ya fara ci. Cikin mako biyu gonar ɗan baffana ta kwanta gaba ɗaya.

Na sauka na je, wai jaje. Tun daga nesa warin ya tare ni. Na same shi zaune a bakin gonar, hula a gwiwa, fuskar nan mai yawan dariya ta zube.

"Yaya, ka gani? Ko ɗaya bai rage ba. Ko na sawa a kunu."

Na ce, "Sannu. Allah ya san abin da yake yi." Ban taɓa faɗin wata magana da dukan zuciyata kamar wannan ba. Na hau tudu ranar ban ko tsaya hutawa a hanya ba.

Tudunmu kuwa ya tsira. Tsakuwar da na yi shekaru ina zagi ita ta hana ruwa kwanciya. Sai kusurwa ɗaya kawai ta can ƙasa, gindin wata ɗorawa inda ruwa kan ɗan tsaya, a nan na ga wasu kara sun yi rawaya. Na tuge su na ƙone, ban gaya wa kowa ba, don kada a fara cewa mu ma ya shigo mana. Da kaka ta yi, ni kaɗai na tone wannan kusurwa, na cika buhu huɗu, na ware su a bayan rumbu. A ido lafiyarsu lau, har sun fi sauran girma saboda laimar wurin. Amma na san da abin da suka kwana a ƙasa ɗaya. Niyyata in yanka su in shanya a sayar da su busassu, ba dai su koma ƙasa ba.

Lafiyayyen iri ya zama abin nema ruwa a jallo. Wani Alhaji da ke sayen busasshiyar cittarmu a kasuwar Kafanchan, wanda mahaifinsa ma a hannun kakana yake saye, ya zo har gida ya duba abin da muka tone. Ya jujjuya guda ɗaya, ya karya, ya sunsuna, ya ce, "Malama, wannan ba na sayarwa ba ne. Ko ni na dawo ina roƙo ki kore ni. Ki lulluɓe shi a inuwa ki sa masa ido, shi ne noman baɗi." Na raka shi har bakin hanya kaina yana ta kumbura.

A ranar ne bakina ya kasa riƙe abin da ke cikina. Baba yana zaune a kujerarsa gindin mangwaro. Lokacin idonsa ya riga ya yi rauni, mutum sai dai ya gane shi da murya. Na kawo masa gwaten acca na ce, "Baba, ashe da gaskiyarka. Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka ce. Ga shi Saduma ta ƙone."

Ya ajiye cokalin a hankali. Sau biyu na taɓa ganin fushin Baba a rayuwata, wannan ne na biyu.

"Abin da kika ɗauko a labarin ke nan? Tun yaushe kike ɗauke da shi?"

"Tun ranar da ka tsaya a nan ka kyautar da abincinmu."

"Kin ga wuta, amma ba ki ga mutumin da ya tsaya yana roƙon Allah kada wutar ta sauka ba? Ba ki ga lokacin da aka kama Lutu a yaƙi, Ibrahim ya kwashi mutanen gidansa ya bi sawu ya ƙwato shi ba? Bai tsaya cewa ai shi ya zaɓa ba."

"Lutu bai yi rawa da buhu a gaban Ibrahim ba."

"Za ki ba ƙanenki iri."

"Ba ni da ƙane marar kunya. Ni na yi dakon taki, ni na yi dakon ganye. Yana ina lokacin? Yana kan mashin!"

"Gonar tawa ce har yanzu, ban mutu ba," in ji Baba. "Ki zaɓar masa da hannunki. Ke kika san mai kyau."

Na tsaya ina huci, sai idona ya faɗa bayan rumbu. Ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, bai ma samu zarafin sa baki ba, na riga shi. Na ce, "To, Baba. Na ji."

Tunanina bai da wuya. Mutumin nan kwari zai koma ya shuka, kwarin kuwa ya riga ya kamu, duk abin da aka sa a ciki ruɓewa zai yi. To don me zan zubar da irina mai kyau? Ya ɗauki na gindin ɗorawa, in ya ruɓe a ce ƙasa ce, Baba ya samu ladansa, ni in samu nawa biyan buƙata. Har ganin kaina nake yi mai dabara.

Washegari ya zo da mashin. Ya kwance bakin buhu ɗaya ya zura hannu, sai ya ɗago ya dube ni.

"Yaya! Manya-manya haka ka ba ni?" Idonsa ya kawo ruwa. "Gaskiya ni na ɗauka ba ka sona. Allah ya saka maka. Ba zan manta ba."

Na ce, "Ɗaure kayanka ka tafi, ina da aiki."

Lokacin shuka ya zo daidai da jarrabawar 'yan makaranta, ga 'yata ta kwanta zazzaɓi, sai na yi Asabar biyu ban leƙa ƙauye ba. A tsakanin nan ruwan farko ya sauka. Da na zo na tarar da Baba yana ta fara'a.

"Malama, kin zo? Ajiye jaka ki huta, an gama miki aiki."

Ya ce malamin gona ya zagayo ya gargaɗi mutane kada wanda ya sake sa citta a ƙasar da ta kamu sai bayan wasu shekaru. Shi kuma ya ga ba zai yiwu a ba mutum iri a bar shi ba wurin shukawa ba, sai ya ba ɗan baffana aron wani ɓangare na tudu. Ɗan baffana ya kira gayya ya shuka nasa, don godiya kuma ya kwashi namu irin da ke lulluɓe a inuwa ya shuka mana tamu gonar, ya rufe duka da ganye.

Na ce, "A ina ka ba shi?"

"Daga sama, wajen dutse, inda muka bari ya huta."

Na hau tudun da takalmin makaranta a ƙafata. Ga gona nan an yi mata aiki mai kyau, wanda ko ni ban taɓa yi ba, ɗanyen ganye shimfiɗe tun daga gindin dutse har kusa da ɗorawa. Tasa a sama, tamu a ƙasa. Duk ɗigon ruwan da ya sauka a kan buhu huɗun nan, ta cikin tamu zai bi ya wuce.

Ba a makara ba, wannan shi ne abin da har yau nake so in manta. Iri bai tsiro ba tukuna. Mutum shida za su tone nasa ɓangaren a yini ɗaya, a kwashe a ƙone. Abin da ake buƙata kawai in buɗe baki in faɗi dalili. Na sauko da niyyar faɗa. A hanya matan zumunta biyu suka tare ni, ɗaya har da guɗa.

"Malama, mun ji abin da ka yi! Baba ya faɗa a coci ran Lahadi. Ya ce 'yarsa ya yi aikin Ibrahim, ya zaɓi mafi kyau ya ba ƙanensa. Mutane har kuka!"

Sau uku na je gaban Baba a yinin nan. Na farko na tambaye shi ko ya sha magani. Na biyu na gyara masa matashin kujera. Na uku na tsaya kawai, ya ce wane ne, na ce ni ce, babu komai. Akwai kunya, ba na musu. Amma ba kunyar Baba ce ta rufe mini baki ba. Na san shi, in na faɗa masa ba zai tsaya a nan ba, cewa zai yi in je in roƙi gafarar wanda na cuta. Na hango kaina tsaye a tsakar gidan kwanon nan, matarsa tana kallo, ina cewa ɗan baffana ya yafe mini. Ni? Ni da aka zalunta? Na ji gara tudun ya nutse.

Sai na ɗauki diga da shebur na koma, na fara haƙa lambatu tsakanin gonakin biyu don ya karkatar da ruwa gefe. Ban yi nisa ba sai ga shi.

"Yaya, wannan rami na mene ne?"

"Zaizaya."

"Kawo nan, ba aikin mace ba ne."

Ya karɓe digar. Ya haƙa shi ya fi yadda zan iya, har ya jera duwatsu a baki, yana aiki yana fito. Ina tsaye ina kallonsa, ban taɓa tsanarsa kamar ranar ba. Daga nan kuma ya ɗauke mini gonar ɗungurungum. Ya ce in zauna a Kafanchan in huta, shi zai duba duka biyun. Ya fara cirar ciyawa daga tasa, ya gangaro tamu, ƙafa ɗaya, 'yar fartanya ɗaya. Na ce ya bar mini tawa, ba na so. Ya yi dariya ya ce Yaya kullum faɗa. Ba ni da yadda zan yi in hana shi ba tare da na faɗi abin da na ƙi faɗa ba.

A daminar nan na koyi roƙon da Baba ya ce ban gani ba, sai dai don kaina na koye shi. Na durƙusa a ɗakina ina ciniki da Allah kamar yadda Ibrahim ya yi a kan birnin nan. Ubangiji, in ma ciwon yana ciki, ka tsayar da shi a sama. In ya gangaro, ka bar mana rabi. To ko kwata. To ko na iri kawai. Citta ta tsiro, ta yi kyau, tasa da tamu, har na fara cewa wataƙila tsorona ne kawai, wataƙila Allah ya rufa mini asiri.

Sai aka yi ruwan kwana da kwanaki ba ɗaukewa. Da rana ta fito, ga wani ɗan fili a tsakiyar gonarsa ya yi rawaya. Lambatun ya cika da yashi, ruwa ya tsallake shi ya bi ta kanmu. Mako uku aka yi. Babu rabi, babu kwata, babu na iri.

Kafin in zo Asabar ta gaba ƙauye ya riga ya yanke hukunci. Tudun da ya tsira bara, me ya canja bana? Mutum ɗaya ne ya hau daga kwari. Ai malamin gona ya faɗa ciwon yana bin ƙafa da fartanya. Aka ce ya cinye kwari ya hau ya cinye tudu, aka ce ƙafarsa ba ta da kyau. Matarsa ta daina zuwa zumunta. Ba ni na fara maganar ba, amma da aka yi ta a gabana ban ce uffan ba.

Da safen Asabar ɗin Baba ya ce sai an kai shi ya ji da hancinsa. Dattawa biyu suka riƙe shi suka hau da shi a hankali, wasu mata suka biyo mu. Muka tarar da ɗan baffana can, ya yi zuru-zuru. Da ganina sai ya taho ya zube gwiwa biyu a cikin laka da ruɓar, a gaban kowa.

"Yaya, ni ne. Ƙafana ne ya kawo. Ka ba ni iri mai kyau, na zo na kashe naka. Duk wahalan da ka sha a wurin nan, na ɓata. Ban san da wane baki zan roƙe ka ba. Ka yafe mini."

Baba ya laluba ya kama kafaɗata.

"'Yata, ke kin yi naki, kin ba da mafi kyau da hannunki. Ban san abin da Allah yake shiryawa ba. Ibrahim ma ya fita bai san inda za shi ba. Amma shirinsa ne, ba namu ba. Ki yafe wa ƙanenki."

Maganar tana bakina, na rantse tana nan, har ina jin ɗacinta. Kowa ya zuba mini ido. Na dubi mutumin da ke durƙushe yana kuka, na laluba cikina ko zan samu tausayinsa, abin da na tarar haushi ne, don ko a nan ma ya fi ni. Na ɗora hannu a kansa.

"Na yafe maka. Tashi."

Matan suka ce amin. Baba ya matse kafaɗata ya sa mini albarka.

Baba bai kai damina ta gaba ba. Ɗan baffana kuwa bai sake noma citta ba, ya koma masara da doya. Har yau in ana shukar iri a ƙauyenmu ba a kiransa gayya, shi ma ko kusa da gonar wani ba ya bi. Duk ƙarshen shekara yakan zo Kafanchan ya gaishe ni. A bayan ɗakina akwai 'yan buhunan ƙasa da nake sa citta ta shayi, tun da ya gan su ba ya shigowa kai tsaye. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya cire takalmi, ya ce a ba shi ruwa ya wanke ƙafa, kada ya sake kawo mini wani abu. Ni nake miƙa masa butar.